Malam Ɗalhatu da Agogon Filin Al Quoz

Da an idar da sallar Asuba za ka tarar da Malam Ɗalhatu a filin guje-guje na wata makaranta a unguwar Al Quoz, can ƙasar Larabawa, tun rana ba ta fara gasa mutane ba. Zai share layukan tsere, ya rataya agogon awon gudu a wuya, ya jira masu atisaye. Shekara goma sha tara ke nan. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya koma Zariya, gara mu yaba masa tun yana kusa.

Mutum ne mai sanyin hali, amma a kan agogon nan ba shi da sani ba shi da sabo. Abin da ka gudu shi za ka ji.

A tambayi Mubashir, direban wani kamfanin jigilar kaya a Deira, ƙato mai faɗin ƙirji. Kallon ƙwallon Amurka ya shiga ransa, musamman gudun yadi arba'in da ake gwada 'yan wasanta da shi. Wani dillali ya auna shi da waya, ya ce ya yi daƙiƙa huɗu da ɗigo uku, wai ko zakarun tseren duniya sai sun bi bayansa. Sai ga Mubashir da takardar barin aiki a aljihu, wai zai tafi neman shiga ƙwallon, alhali bizarsa a kan aikin take, matarsa kuma da tsohon ciki.

"Baba, auna ni kawai in miƙa takarda, khalas, shi ke nan," in ji shi.

"Yalla, hau layi," in ji Malam Ɗalhatu. "Amma ka sani, su 'yan ƙwallon can sai ka motsa agogo yake tashi. Ɗan tsere kuwa daga ƙarar bindiga ake ƙirga masa. Kuma inda ɗan ƙwallo yake tsayawa, nan ɗan tsere yake fara buɗe wuta."

Ya haɗa shi da wani siririn ɗan tsere, mita ɗari. Da tashi Mubashir ya yi gaba kamar an harba shi. Kafin mita sittin siririn ya wuce shi ko haki ba ya yi. A yadi arba'in ɗin ma agogo ya nuna kusan daƙiƙa biyar.

Mubashir ya durƙusa, idonsa ya kawo ruwa. "Baba, ko kaɗan ba za ka rage ba?"

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, tausayi ya cika shi. "A Kaduna wani mai agogo ya ji tausayina, ya rage mini rabin daƙiƙa. A kanta na bar makaranta. Ga ni nan ina sharar layi."

Kai ne, Malam, ka zaɓi a ji haushinka ranar nan, kuma an ji. Wata guda Mubashir bai gaishe ka ba, amma takardar ba ta bar aljihunsa ba. Mun gode, mai agogon gaskiya, Allah Ya saka da alheri. Duk wanda aka damƙa wa ma'auni, ya riƙe shi irin riƙonka.

Mubashir yana nan a bakin aikinsa, yana buga ƙwallonsa ranar hutu. Matarsa ta sauka lafiya, an samu namiji. Ranar suna aka raɗa masa Ɗalhatu.