Gaisuwa Kaɗai Ta Rage Mini

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba zan manta ranar da na kai wayata shagon kwamfuta a Dabokpa ba.

Matata fataucin man kaɗe take yi zuwa kudu. Duk inda mota ta tsaya sai ta rubuto mini. Ni karatuna bai yi nisa ba, amsata ba ta wuce "to" da "na ji". Ita kuwa takan zuba: yadda hanya take, abin da za a dafa wa 'yarmu, faɗan da take yi mini kan shan magani. Bayan ta rasu, wannan hira ce kawai ta rage mini da muryarta a ciki. Sai wayar ta fara mutuwa, batirin ya kumbura har ya ɗaga murfi.

Na ce wa mai shagon, wani magidanci mai gilashi, ya fitar mini da maganarta a takarda, in ajiye wa yarinyar.

"Duka hirar, Baba?"

"Nata kawai. Nawa me za a yi da shi?"

Ya yi dariya. Ya juye hirar cikin kwamfuta, ta fito layi-layi, kowane saƙo da sunan mai shi a gaba. Ya ce ba sai ya bi ɗaya-ɗaya ba. Ya buga wasu alamomi a akwatin bincike, ɗigo da tauraro da sunanta, ya ce ma'anarsu a kamo duk layin da sunanta yake kai, har ƙarshen layin. Nan take layukan suka canza launi. Ya kwafe su gaba ɗaya, ya zuba a sabon shafi, ya buga.

"Massa, babu abin da ya tsere?" na tambaye shi, da kiran girmamawar da muke yi wa masu sana'a a nan.

"Baba, na'ura ba ta mantuwa."

Ban karanta a wurin ba. Ba na son in yi kuka gaban ƙato. Na sa a ambulan, na kai ƙasan akwati. Ba a jima ba wayar ta mutu, mai gyara ya ce cikinta ya ƙone.

Sai da 'yata ta zo hutun makaranta na fito da takardun. Muka zauna a tsakar gida, ta fara karantawa da ƙarfi. "Salamu alaikum, Maigida." Layi na gaba: "Ina kwana, Maigida." Sai "Dasiba", gaisuwar safe ta Dagombawa, da takan tsokane ni da ita. Yarinyar ta juya shafi, ta sake juyawa. Ta ɗago ta dube ni.

"Baba, ina maganar?"

A nan na gane. Matata ba ta taɓa haɗa gaisuwa da zance ba, haka aka tarbiyyantar da ita. Sai ta gaishe ni, ta sauka layin ƙasa a cikin saƙon, sannan ta fara magana. Layukan ƙasan ba su da sunanta a gaba, don haka na'urar ta tsallake su duka.

Na koma shagon da ƙafa, ko babur ban tsaya nema ba. Ya ce ba ya barin kayan mutane a kwamfutarsa, ya daɗe da gogewa.

"Abin da aka ce mata ta kamo shi ta kamo, Baba."

Na so in zage shi, amma na juya na kama hanyar gida. Ƙarya bai yi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har yau.

Takardun suna nan. Wasu safiyoyin nakan buɗe, ta ce mini ina kwana, in amsa, sannan in zauna ina jiran sauran. Abin da na koya, kada ka bari a tace maka maganar wanda ba zai sake magana ba. Ka kwashe duka, har da shirmenka, kuma ka karanta da idonka kafin ka tashi daga kujerar.