Kalangun da aka riga aka matse

Shekarun baya, lokacin da aka yanko mana Kebbi daga Sakkwato, kowa na murna, gidanmu a Jega shiru kamar an yi rasuwa. Mahaifina makaɗin mahauta ne, da kalangu ya ci da mu. Sai ciwo ya kayar da shi, hannun hagu ya shanye. Wanda ya san kalangu ya san da hagu ake matse shi a hammata don muryarsa ta hau ko ta sauka, dama bugu kawai take yi. Kalangu ya koma jikin ƙusa, tsoho ya juya wa bango fuska. Magana sai dole, abinci kuwa ko fura sai an yi da gaske. Yana ta zubewa muna kallo, ni dai tsoro ya kama ni sosai.

Ina koyarwa a wata makaranta a Aliero a lokacin. Abokina ɗan bautar ƙasa ne daga Jos, shi ya gano wani tsohon fiyano, abin kiɗan nan na Turawa mai maɓallai farare da baƙaƙe, a sito, an jibga masa buhunan albasar shugaban makaranta. Don in rage tunani na ce ya koya mini. Ya ce muryoyi bakwai ne, do, re, mi har zuwa ti, sai a sake dawowa do, kamar ranakun mako. Baƙaƙen maɓallan kuma rabin taki ne tsakanin farare.

"To, hau sama," in ji shi.

Ni gwani sai na ɗaga yatsa na ɗora kan baƙaƙen, ai su ne a sama. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe sama a wurinsu dama ce, inda murya ke sirancewa, ƙasa kuma hagu, inda take kauri. Na ce to ku ce siririya da kakkaura mana, ku bar wahalar da bayin Allah.

Ranar da ya buɗe mini cikinsa ne na daina wasa. Wayoyi jere, dogaye masu kauri a hagu, gajeru sirara a dama, kowacce an ɗaure ta tam daidai muryarta. Ka danna maɓalli, wata 'yar guduma ta tashi ta bugi wayarta ta koma. Na ce ina ake matsewa? Ya ce babu, an gama wannan tun wurin ƙira. Mahaifina kawai nake gani.

Abokin nawa yana da ƙarami mai batir. Babu waya a cikinsa, amma jerin muryoyin ɗaya ne. Na roƙe shi aro, na ɗauro shi a bayan keke har Jega, na ajiye a gefen tabarmar tsoho.

Ya dube shi a kaikaice. "Mi na na kuma? Wanga abu duk haƙora?"

Na ce, "Baba, kalangu na, wanda anka riga anka matse ma. Bugu kaɗai ya rage."

Na danna masa kakkaura, na danna siririya, na fita na zauna a bakin ƙofa, ina jin kamar na yi wauta. Can sai na ji ƙwal. Shiru. Ƙwal, ƙwal. Yana lalube da yatsa ɗaya, yana tsaki.

"Bakinai da tauri," ya ce daga ciki. "Kamar Bature na Hausa."

Gaskiyarsa, kalangu yana lanƙwasa murya, wannan kuwa tsalle yake daga taki zuwa taki. Amma bai ture shi ba. Ya yi ta nema har wasu muryoyi suka jeru, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Ni ban ji komai a ciki ba sai ƙara.

Mahaifiyata tana tankaɗe a tsakar gida. Sai na ga ta tsaya cak, rariya a hannu. Ashe taken da yake kiranta da shi ne a kasuwar Maiyama, tun tana budurwa mai tallar gyaɗa: mai gyaɗa, ina gyaɗa?

Ta goge ido da bakin zane, ta ɗaga murya. "Gyaɗa ta ƙare tun tuni, tsoho. Tuwo ad da akwai."

"To, kawo shi," in ji shi.

Ranar ya ci har ya suɗe kwano. Bai koma kiɗan mahauta ba, amma ya ƙara shekaru masu daɗi tare da mu, yana tsokanar kowa da yatsa ɗaya. Da abokina zai koma gida ya rantse ba zai karɓi abinsa ba, Allah ya saka masa.

Ni har yau do re mi ɗina bai wuce inda aka bar shi ba, kunnena na katako ne. Amma tun daga nan, in na ga wanda ciwo ya karɓe wa wani abu, nakan fara duba abin da aka bar masa. Mahaifiyata kuwa tana nan da ranta, ta tsufa tukuf. In jikoki suna wasa da abin nan suka faɗa kan waɗancan muryoyin bisa kuskure, har yanzu takan waiwaya.