Tattakin Shef Safiyanu

A Damagaram in ka ce Safiyanu kawai, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Shef, an gane. Ɗan Gaffati ne, ɗan manoman gero da gyaɗa, amma tun yana ƙarami ya ƙulla gaba da rana da tafiyar ƙasa. Lakwal, wato makarantar boko, ta fitar da shi daga gona ta zaunar da shi shugaba a biro, wato ofis, ƙarƙashin fanka, yana buga hatimi har furfura ta cim masa. Daga gida zuwa biro moto, wato babur, daga biro zuwa masallaci moto, masallacin da ake jiyo tarin limaminsa daga bakin ƙofar biron.

Da ya ajiye aiki sai ya gyara wa kansa ɗakin hutawa, da labule mai kauri da tele da kujera mai laushi. Ya shiga ya ja ƙofa ya ce yanzu zai ji daɗin duniya.

Daɗin bai zo ba. Barci ya ƙaurace masa, tuwo ya koma kamar ƙasa a bakinsa, jikokinsa in sun shigo sai ya ji kamar an tada injin niƙa a tsakiyar kansa. Har salla ya koma yi a ɗaki.

"Malam, in ciwo ne ka faɗa," in ji matarsa Hajiya Husaina.

"Ba inda ke mini ciwo."

"To ni akwai. Ina zaune da mutum kamar ina zaune da turmi. Turmin ma in an daka shi yana amsawa."

Ita ta ja shi wurin likita, wata Rahama, ɗiyar tsohon abokin aikinsa. Ta auna jini, ta saurari ƙirji, ta yi masa tambayoyin da ko alƙali bai isa ya yi masa ba.

"Baba, ƙwaƙwalwa tana haɗa wasu sinadarai da ke riƙe wa mutum walwala da barci. A duhu, a zaune, ba ta haɗa su yadda ya kamata. Ka riƙa fita da hantsi kana takawa da ƙafa, rana ta taɓa ka, ka zauna cikin mutane. In ba a ga sauƙi ba ka dawo mu yi zancen ƙwaya."

Shef ya dube ta ta saman gilashi. "Rana da tafiyar ƙasa? Ai ƙanena Ado a Gaffati tun haihuwarsa yake shan wannan magani, ba ordonas, ba wata takardar likita."

"Shi ya sa dariyarsa ke tsallake katanga," in ji Husaina.

Washegari ya sa takalmi ya fita. Bai kai kwanar layinsu ba wani ɗan kabu-kabu mai haya da moto, Mustafa, ya taka birki a gabansa.

"Subhanallahi, Shef! Ina moton? Hau, hau."

"Takawa nake."

"Zuwa ina?"

"Ba ko'ina."

Mustafa ya dube shi da tausayi. A garin nan dattijo mai mutunci ba ya tafiya ba ko'ina, kuma ɗan halas ba ya wuce shi a ƙasa. Sai da Mustafa ya rantse da kabarin ubansa, Shef ya hau, aka maido shi ƙofar gidan da ya baro yanzun nan. Kashegari wani tsohon direban biro ne ya tsaya da mota. Kafin Juma'a labari ya kai unguwar Birni cewa Shef ya sayar da moto, a unguwar Zango kuma aka ce kan ne ya taɓu. Wata maƙwabciya ta aiko wa Husaina kwaryar gero a rufe, da saƙon kowa da irin jarrabawarsa.

Shef ya koma ɗaki ya ja labule. Husaina ta daina ba'a, don wannan karon ko tele ba ya kunnawa.

Ana nan sai Zakariya'u tela, maƙwabcinsu, ya rasu. Wannan kam ba a aika wakili. Aka sallaci gawa da hantsi, aka ɗauki makara a ka, jama'a suka bi a ƙasa har maƙabarta can bayan duwatsu. Shef na tafe yana jiran wani ya taka birki. Ba wanda ya taka. Wa zai ce wa mai raka gawa hau?

Ya dawo jiƙe da gumi ya zauna wurin makoki a inuwar itacen bedi. Bayan addu'o'i sun lafa, hira ta gangara kan kokowa, wani ya ce ƴan kokowar yanzu sun fi na da. Shef ya ji muryarsa ta fita ba da izininsa ba: "Kai, rufe mana baki!" Ranar ya ci tuwo ya nemi ƙari, ya yi barcin da sai da aka tashe shi asuba.

Tun daga nan rediyo ya dawo kusa da kunnensa, lokacin sanarwar rasuwa.

"Wannan kuma ka san shi?" Husaina kan tambaya.

"Musulmi ne, Hajiya. Miƙo mini hula."

Kumatunsa suka ciko. Garin da ya ce ya taɓu ya koma cewa Allah ya buɗe wa Shef zuciya a ƙarshen rayuwa, har liman ya kawo shi misali. Shi dai yakan sunkuyar da kai, mutane su ce tawali'u ne. Addu'ar kuwa da gaske yake yin ta, don ya san mamatan nan sun yi masa abin da masu rai suka hana shi.

Wata safiya sanarwa ta ƙare ba ko mutum ɗaya a kusa. Shef ya tsaya tsakar gida da hula a hannu, yana duban ƙofar ɗakinsa. Husaina ta ajiye tsintsiya tana kallonsa.

Sai ga sallama a zaure. Dodo baduku ne, wani tsoho da ba a rasa shi a sahun rakiya, da wasu dattawa biyu a bayansa.

"Shef, ka ji abin da ya same mu? Yau gari lafiya lau."

"Na ji, Dodo. Allah ya ƙara lafiya."

"Amin. To mu dai gwiwoyinmu ba sa son zama, kuma kai ma mun daɗe da gane ka. Ziyarar maƙabarta sunna ce. In mai moto ya tsaya, kai za ka yi magana, kai ne mai fuskar manya."

Shef ya kafa hula. Suna fita Dodo ya faɗi wata magana, dariya ta tashi har awakin maƙwabta suka watse. Husaina ta leƙo daga zaure.

"Malam! Ku dai rage haƙora kafin ku kai titi, mutane na kallo."