Tabarma a Ƙofar Ɗakin Auta

Autata tana aji huɗu na sakandare aka fara yi mata maganin ciwon daji. Duk sanda muka dawo Takur daga asibiti a Kano, sai gajiya ta kwantar da ita, irin wadda barci ba ya ɗaukewa. Ko kofin shayi ta ɗaga, sai ta huta kafin ta kai baki.

Ga kuma 'yan dubiya: maƙwabta, matan Islamiyyarmu, dangi daga Taura. Kowa ya shigo sai na tashe ta zaune, na gyara mata ɗankwali saboda gashinta ya zube, ita kuma ta yi ta amsawa, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ni mace ce mai tsoron shiga haƙƙin mutane. Mutum ya taso neman ladan dubiya, ni ce zan hana shi? In aka ce ɓoye ta muke yi fa?

Wata rana da la'asar ƙawarta ta zo da lalle, sun daɗe da yin alkawari. Ta tarar ko ido ba ta iya buɗewa. Da ta tafi, auta ta ce, "Umma, ɗan ƙarfin da nake tashi da shi, a 'da sauƙi' yake ƙarewa."

Ranar na kasa cin tuwo.

Washegari na saki labulen ɗakinta, na shimfiɗa tabarma a ƙofar. Yayar mijina ce ta fara zuwa, daga Taura, da ƙwaryar fura.

"Yaya, tana hutawa. Ko za ki yi mata addu'a daga nan?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Au, mai gadi aka ɗauka? Ina kakin naki?"

"Yaya, ki yi haƙuri."

"Matsa in zauna, ni ma ƙafar nan ta dame ni."

Ta fuskanci labulen, ta yi addu'arta ƙasa-ƙasa. Waɗanda suka zo daga baya ita ta tare su, kuma ba ta ba kowa haƙuri ba.

Har yau nakan yi ta tunanin waɗanda ƙila suka ji haushi. Amma da yammar ranar ƙawar ta dawo, auta ta fito da ƙafarta, ta jingina da bango, ta miƙa hannu. Hannu ɗaya aka gama barci ya ɗauke ta. Na riƙe shi a kan cinyata har lallen ya bushe.