Jan Babur a Ƙofar Hussaini

Maiwada mai sayen auduga a Malumfashi mutum ne da ko gaishe shi ka yi, sai ya juya gaisuwar ya duba bayanta. Mutum ɗaya ne tak bai taɓa zargi ba, Hussaini, wani manomi a Ƙarfi, wanda aka yi musu kaciya tare. Haka suke har babur ya shiga tsakaninsu.

Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai Maiwada ya sayo shi a Funtua, ja, sabo fil. In ya taso daga gida zai shiga ƙauyuka, tafiya lafiya lau, amma da ya iso ƙofar Hussaini sai injin ya yi tari ya mutu. Hussaini ya fito da tabarma da ruwa a ƙwarya, su zauna gindin tsamiya su taɓa hira. Can in an taka babur ɗin, sai ya tashi kamar ba shi ba.

Da farko dariya suke yi. Da abin ya yawaita, Maiwada ya shiga saƙe-saƙe. Me ya sa sai a nan? Me ya sa yanzu tabarmar take shimfiɗe tun kafin ya iso? Ya daina shan ruwan. Wata ranar kasuwa ya zo da fartanya ya hau tona bakin hanya a gaban jama'a, wai yana neman abin da aka binne masa.

"Maiwada, ni?" in ji Hussaini.

"To wa? Ai ba a ƙofar kowa yake mutuwa ba."

Hussaini ya naɗe tabarmarsa ya shige gida.

Da kaka Maiwada ya kai babur ɗin wurin Luke makanike a Funtua, ya tarar da jajaye irinsa a jere. Luke ya nuna masa bututun mai da kamfani ya manna a jikin kan injin.

"Haka suka ƙero su duka, Malam. In ya yi tafiya ya ɗau zafi, man ya tafasa, dole sai ya tsaya ya huce. Na wancan a ƙofar surukinsa yake mutuwa, na wannan kuwa a maƙabarta."

Maiwada ya zuba masa ido, yana tunanin ko Hussaini ya riga shi zuwa ne sun haɗa baki. Amma da aka karkatar da bututun, washegari babur ya wuce Ƙarfi a guje, ko gezau bai yi ba. Kunya ta rufe Maiwada, ga bakinsa bai saba da ba da haƙuri ba.

Da ya sake biyowa, yana isa ƙofar ya kashe injin da hannunsa, ya sauka yana ta taka shi na ƙarya. Hussaini yana bakin zaure yana sassaƙa ƙotar fartanya. Ya ɗago ya dube shi.

"Yau kam bai yi tari ba," ya ce, ya ci gaba da sassaƙarsa.

Har Maiwada ya tsufa ya bar harkar auduga, in ya zo wucewa ta nan sai ya rage gudu. Tsamiyar tana nan, amma ba a sake shimfiɗa masa tabarma ba.