Gefen Tasi'u

A Utai, in ka ce Ƙasimu mai albasa, kowa ya san wanda kake nufi, dogon nan marar surutu da ke kai buhuna kasuwar Wudil ran Juma'a. Amma an fi tuna shi da kwanon tuwo.

Ƙanensa Tasi'u yana fama da farfaɗiya tun yana saurayi. Ranar da ya fara faɗuwa a zaure, bakinsa na kumfa, mutanen gida suka ware masa kwano da moɗa, wai kada yawunsa ya shafi wani. Ƙasimu kaɗai ya ƙi. Likita a Kano ya ce masa ba a ɗaukar ciwon, shi kuwa in ya riƙe magana, ya riƙe ke nan. Kullum sai ya ja kwanonsa gaban Tasi'u ya ce, "Sa hannu." A haka suka fara furfura, masu surutu suka yi har suka gaji.

Daga baya ciwon ya sake salo. In Tasi'u ya faɗi, sai ya tashi garau, bayan 'yan kwanaki kuma kansa ya rikice, ya riƙa jin muryoyi suna ce masa ana son a ba shi guba. Likita ya ce wannan ma daga farfaɗiyar ne, kuma magani na kwantar da shi. To, maganin ne Tasi'u ya ce guba ce. Abinci ma ba ya ci sai wanda hannun yayansa ke ciki.

Ƙasimu ya yi lallashi, ya yi faɗa, duk a banza. Da Tasi'u ya faɗi a bakin rijiya, tsoro ya kama Ƙasimu sosai. Sai ya fara daka ƙwayar yana barbaɗawa a tuwon, a gefen ƙanensa, ya rufe da miyar kuka. Faɗuwar kuwa ta ragu.

Wata rana da azahar, sun zauna, Tasi'u ya dubi tuwon, ya juya kwanon a hankali, gefensa ya koma gaban Ƙasimu. Hannun Ƙasimu ya ɗan tsaya. Nan da nan ya gutsura ya kai baki, amma an riga an gani.

"Yaya," in ji Tasi'u, "har da kai?"

"Magani ne, Tasi'u. Wallahi magani ne."

Tasi'u ya goge hannunsa ya tashi.

Rikicewar ta lafa, ta dawo, ta sake lafawa, amma wannan abu ɗaya bai bar kansa ba, don shi ba murya ce ta gaya masa ba, da idonsa ya gani. Da kansa ya nemo tsohon kwanon nan da aka taɓa ware masa, yana tsayawa a kan tukunya a zuba masa, ya shige ɗaki. Maganin kuwa babu sauran hanyar ba shi.

Har yanzu ana kawo wa Ƙasimu tuwon mutum biyu a zaure. Yakan ci gefensa, ya zauna yana jira har miyar ta huce.