Rantsuwar Kawuna

Duk wanda ya karanta littafina na farko sai ya tambaye ni da wane marubuci nake koyi, har nake tsorata mutane ba aljani, ba wuƙa, ba jini. Nakan yi dariya in kauce. Gaskiya wajen kawuna na koya, shi da ko harafi ɗaya na boko bai sani ba.

Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Dillalin shanu ne a kasuwar Mai'adua, mai barkwanci, wanda ake jiyo dariyarsa tun daga bakin kara. Shekarar da aka fara shari'a a jiharmu, ina sabon malamin firamare, maƙwabcinsa ya kai shi ƙara. Ya ce ya ba kawu sa kiwo, kawu ya tsallaka da shi iyakar Nijar ta Kongolam ya sayar, ya dawo ya ce ɓarayi ne suka kore shi. Babu shaida, sai alƙali ya ɗora wa kawu rantsuwa, ya ba shi kwana uku ya yi tunani. Ranar ta zo, ya yi alwala, ya rungumi Alƙur'ani ya rantse, aka sallame shi.

A wajenmu kowa ya yarda mai rantsuwar ƙarya ba ya daɗewa lafiya, don haka gari ya zuba masa ido. In kawu ya yi tari a masallaci, sai ka ga mutane sun kalli juna. Ni kuwa na yarda da shi ɗari bisa ɗari, har na daina gaida maƙwabcin. Amma ina gani kawu ya canja. Ya daina hawa babur. Hadari na haɗowa zai shige ɗaki ya rufe ƙofa. Bayan kowace alwala sai ya daɗe yana duba bayan hannunsa. Na ji haushin garin, na ce idon mutane ne ke cin mai gaskiya.

Wata rana ina kallonsa yana wannan dube-duben, tunani ya faɗo mini: in da ƙarya ya rantse fa? Na yi istigfari, amma tunanin ya ƙi tafiya. Na fara rubuta shi a littafin makaranta lokacin tara, labarin mutumin da ya rantse bisa ƙarya ya zauna yana jiran abin da zai same shi. Na sauya gari, na ƙaga yadda ya saci hanya cikin dare da san da aka ba shi kiwo. Shekara shida ina fama kafin a buga shi a Kano.

Da aka fara karanta shi a rediyo kowace Alhamis bayan la'asar, murna ta mantar da ni cewa kawu ba ya rabuwa da rediyonsa. Mahaifiyata ce ta gaya mini in lokacin ya yi yakan kori kowa daga zaure. Mutumin da ya ci da ni ya sha da ni, ga shi na mai da shi ɓarawo duniya na ji. Na san zai iya cewa ba ni ba shi. Mako bakwai ina Daura na ƙi leƙa Mai'adua, har ya aiko a kira ni.

Na same shi a kan buzu, ya rame. Muka gaisa, ya tambayi iyalina, sannan ya ce in gaya masa ƙarshen mutumin nan, don ba zai iya jiran Alhamis ba.

"Ba abin da ya same shi, Kawu," na ce. "Tsufa ya yi yana jira."

Na shiga ba shi haƙuri, ina cewa duk ƙage ne, ban taɓa zarginsa ba. Ya ɗaga mini hannu.

"Wuri ɗaya ka yi kuskure, ɗan nan. Ba da dare na tsallaka da shi ba. Ranar Juma'a ce, kowa yana masallaci."

Da na fito na ci karo da maƙwabcin, ya tsufa, yana dogara sanda zai tafi sallah. Na durƙusa na gaishe shi, karo na farko cikin shekara bakwai. Ya ce yana jin littafina a rediyo, kuma mutumin nan yana ba shi tausayi.